Mai Tsaron Bayana

Shafi na 14

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika rubuto cewa Geua ta fi ni hankali, na gani, ban goge ba, amma na riƙe sunanki.

Wanda yau ya fara leƙowa, ga inda muke. Ni ce Merrin, mai zana taswira a ɗan kamfaninmu na Townsville, inda muke ƙera wasan tuƙa jiragen yaƙi na kwamfuta. Bana fagen yaƙi ɗaya tak za a ƙara wa wasan. Ko Darwin tawa, wadda na ƙarar da ƙuruciyata a kanta, ko Moresby ta Geua, yarinyar da aka ɗauko aiki daga Papua New Guinea, ko shekara ba ta rufa ba. A tsakiyarmu kuma akwai Fergus.

To, ku matso.

*

Ranar Anzac ce, ranar da Oga Stavros yake yanke fagen shekara. Daga taron asuba na tunawa da sojoji a bakin teku kowa ya wuto ofis kai tsaye, da ɗan reshen rozmari maƙale a ƙirji.

Na shigo ɗauke da kwanon biskit, ina raha da kowa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin teburin Geua.

Fedar Fergus.

Ku da ba ku tuƙa jirgi ba za ku gane ba. Fedar nan da hannunsa ya ƙera ta, da ƙarafan tsohuwar taraktar gonar rakensu. Ba mai ɗora ƙafa a kanta. Ni da kaina na taɓa gwadawa, ya wuni bai yi min magana ba. Yau ga ta zaune a ƙarƙashin teburin wata, ga silifas ɗinsa a gefe an jera su tsaf.

Narelle, mai haɗa mana ƙarar injuna, ta zo ta tsaya a kafaɗata. Bakinta ba ya hutu.

"Kin ga abin da na gani?"

"Ban ga komai ba."

"To saki kwanon nan mana, biskit ɗin ba su yi miki laifi ba."

"Tun yaushe take can?"

"Fedar ko yarinyar?"

"Narelle!"

Ta rage murya. "Tun da ruwan sama ya ɗauke. Kullum da rana idan kin fita cin abinci, sai su tashi jirgi tare. Ni dai ban faɗa miki ba."

Na dire kwanon. Wani abu mai zafi ya taso min daga ciki. Kishi ne, ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon ulsa ba.

A kamfaninmu ba a jefa ƙuri'a. Oga ya ce ƙuri'a ta 'yan siyasa ce. Duk mai son fagensa ya tashi ya kare shi a sama, shi da mai tsaron bayansa mutum ɗaya. Ba taswira a allo, ba kibiyar da za ta nuna maka hanya, da ido za ka gane ƙasar da ka zana. Abokin takararka kuma ya shiga jirgin abokan gaba ya farauce ku. Dole ku biyun ku sauka lafiya. Ɗaya ya faɗi, fage ya faɗi.

Wanda ya ci, shi zai rubuta sunan fagensa a jikin tsohuwar farfelar katako da ke rataye saman ƙofa. Daga nan a tura shi can ya yi watanni yana ɗaukar hoton ƙasa da duwatsu, tare da mai gwajin jirage.

Mai gwajin jirage kuwa Fergus ne.

Idan Darwin ta ci, ni da shi a mota cikin daji, kuma a can na yi niyyar faɗa masa abin da na daɗe ina haɗiyewa. Idan Moresby ta ci, shi da ita. Kun ga ai ba taswira kaɗai nake karewa ba.

Na same shi a baranda yana juya sosej a kan garwashi, hayaƙin albasa ya cika wurin.

"Ta Ɗaya!" ya ce yana dariya. "Da albasa ko babu?"

Haka yake kirana tun muna jami'a. Ni Ta Ɗaya, shi Na Biyu. Kafin kowane tashi sai ya ce, "Ta Ɗaya, ina muka nufa?" Ni kuma in ce, "Gida."

Ban yi dariya ba.

"Fedarka ta yi ɓatan hanya."

Ya ci gaba da juya nama.

"Tata ce ta lalace."

"Kaf ofishin nan ba wata feda sai taka?"

"Merrin…"

"Yau bayan wa za ka tsare?"

Ya ɗauki sosej ɗaya, ya mayar, ya sake ɗauka.

"Ba ta da kowa a nan. Ke ko an ɗaure miki ido za ki kai gida."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Bayanta."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da na zauna da shi a asibiti ranar da babansa ya rasu. Mutumin da ya san sunan kowane rafi a taswirata.

"Ka san Babana yana gida yana jiran waya? Ka san filin da kakana ya yi gyaran jirage na cikin taswirar nan? Kai ka taya ni auna shi!"

"Na sani."

"Ka sani!"

"Akwai maganar da nake so mu yi, amma sai an sauka."

"Faɗe ta yanzu."

"Ba a nan ba."

"A nan! Ko sai ta ba ka izini?"

Sai ƙofa ta buɗe, Geua ta fito da tukunyar ayabar da ta dafa da madarar kwakwa. Ta ajiye, ta miƙa hannu ta karɓi majuyin nama daga hannunsa. Ba ta tambaya ba, shi ma bai kalle ta ba, kawai ya sakar mata. Wannan sakin ya fi fedar yi min ciwo.

"Yaya Merrin, ina kwana?"

Yaya! Wa ya haifa min ita?

"Lafiya."

"Jiya na leƙa taswirarki. Surin nan da kika dasa ɗaya bayan ɗaya, wallahi ban taɓa ganin aiki irinsa ba."

"Allah ko?"

"Da gaske nake."

Abin haushin ke nan, da gaske take. Da tana da mugun hali da na huta. Amma yarinya ta zo da fara'a da ladabi da tukunyar ayaba, ta ina za ka kama ta?

"To na gode," na ce. "Ki kula da fedar nan, mai ita ba ya son a taka masa."

Ta kalli Fergus. Shi kuma ya kalli albasa.

Daga ciki Oga Stavros ya buga tebur.

"Kowa ya shigo! Masu yaƙi su ɗauki kujera, 'yan kallo su riƙe bakinsu!"

Ya cilla tsofaffin kwabbai biyu sama yadda ake yi ranar Anzac. Suka faɗo, suka nuna ni ce farko.

"Wa zai tsare bayanki?"

Kowa ya saba jin amsar, kowa kuma ya ga inda Fergus ya zauna.

"Narelle," na ce.

Ta kusa ƙwarewa da biskit.

"Ni? Ƙawata, ni fa ƙara nake haɗawa! Rabona da sauka lafiya tun Kirsimeti!"

"Cire takalmi ki zauna."

*

Muka tashi a jiragen Spitfire biyu. Darwin ta buɗe a ƙarƙashina, jar ƙasa da daji shimfiɗe har ƙarshen ido, teku a hagu. Duk ɓacin raina sai da ƙirjina ya yi sanyi.

"Merrin, ina nake?"

"Kina bayana."

"To wancan na gabana waye?"

"Ni ce, Narelle."

"Oh."

Geua ta faɗo mana daga cikin rana a jirgin Zero. Sai na yarda, ta iya. Kuma na san hannun da ya koya mata, don irin juyin nan na hagu mutum ɗaya ne yake yin sa a duk Queensland. Ta ɓarke wa Narelle fiffike, injinta ya fara hayaƙi.

"Na mutu! Wayyo na mutu!"

"Ba ki mutu ba. Sauko ƙasa-ƙasa ki bi ni."

"Ina? Ko'ina daji ne iri ɗaya!"

"Dubi suri."

Surin can ba irin na ko'ina ba ne. Faffaɗa ne kamar ƙyaure, kuma kowanne bakinsa ɗaya na kallon arewa, ɗaya na kallon kudu. Kakana ya ce da su suke gane hanya idan sun ɓata a daji. Muka bi jerinsu har muka yanke babbar hanya, muka bi ta kudu. Can ga filin, dogon zane ja a gefen titi.

Sai Narelle don tsabar ruɗewa ta sauke tayoyinta tun da sauran tafiya mai nisa. Jirginta ya rage gudu, ya zama kamar agwagwa a sama.

Geua ta zauna a bayanta daram. Ko makaho zai same ta.

Na rintse ido.

Shiru.

Na buɗe. Zero ta karkaɗa fikafikanta sau biyu, ta juya ta nufi teku.

Ba a rubuce take ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe sandar tuƙi ya san ta: ba a harbin jirgin da ya sauke tayoyinsa. Wanda ya sauke taya ya ajiye faɗa, gida yake nema. Masu karya wannan a intanet, korarsu ake yi daga ƙungiya, sunansu kuma ya bi su shekara da shekaru.

Narelle ta sauka tana tsalle-tsalle a kan titi kamar kwaɗo, amma ta sauka. Ni kuma na ajiye nawa a hankali, saukar da ban taɓa yin mai kyanta ba.

Ɗakin ya kaure da tafi. Na cire abin kunne na juyo.

Ba ni ake yi wa ba.

"Kai, Geua! Yarinya mai mutunci!"

"Haka ake yaƙi!"

Fergus na tafi a hankali yana kallonta, da wani irin murmushi da ban san yana da shi ba. Ko ta inda nake bai waiwayo ba.

Oga ya ɗaga hannu. "Darwin ta sauka. Idan Moresby ma ta sauka, ni zan raba gardama."

Na san me hakan ke nufi. Oga na mutuwar son duwatsu da gajimare, masu buga wasanmu kuma sun daɗe suna kukan a ba su New Guinea. Idan aka yi kunnen doki, na faɗi.

Narelle ta raɗa min, "Ai sai ki je ki yi mata godiya."

"Godiyar me? Doka ta bi."

"Kai, Merrin. Zuciyarki fa ta yi baƙi yau."

"Miƙo min ruwa."

*

Na shiga Zero. Su biyun suka shiga jiragen Kittyhawk. Fergus ya jawo kujerarsa kusa da tata, har gwiwoyinsu na gogar juna. Ita a kan fedarsa, shi a kan ta aro.

Taswirarta ta buɗe.

Na so in ga aibi, Allah ya sani na nema. Koren duwatsu ne suka tashi suka shige cikin gajimare, hazo kwance a kwaruruka, ga gidaje tsaye a kan sanduna cikin ruwa a bakin gaɓa, har da kwale-kwale. Ta yi kyau. Ta yi kyan da na ji kamar in tashi in kashe wutar ofishin.

Layin maganarsu daban, nawa daban. Amma ɗaki ɗaya muke, ni kuma na zame abin kunnena ɗaya.

Sai na ji muryarsa, a hankali.

"Ta Ɗaya, ina muka nufa?"

Na buɗe baki zan amsa. Wallahi na buɗe.

"Gida," in ji Geua.

Hannuna ya ƙanƙame sanda. Ban san lokacin da na tura totur har maƙura ba.

Na faɗa musu daga saman gajimare. Suka rabu, suka sake haɗuwa, suka gicciye juna. Na bi ta, ya ɓullo a bayana. Na juya kansa, ta ɓullo. Saƙar nan ni da shi muka ƙirƙiro ta a ɗakin kwanan ɗalibai, muna cin taliyar leda. Ya ɗauke ta sukutum ya ba wata.

"Yawwa! Haka! Kada ki sake ta!" in ji shi.

Ni ce "ta" ɗin.

Na sake gwadawa ta ƙasa, na gwada ta rana, ba ƙofa. Harsashina ya kusa ƙarewa. Suka kutsa wani kwari cikin hazo, na bi su a makance. Muka fito, sai ga teku, ga filin saukarsu a shimfiɗe tsakanin tuddai.

'Yan kallo suka fara murna.

"Sun iso! Sun iso!"

Geua ta rage gudu ta miƙe hanya. Ina sama, ina kallo tayoyinta suka fito, ɗaya, sannan ɗayar.

Fergus na gefe yana zagaye, nasa a ɗage, yana jiran ta taɓa ƙasa.

Abin da ya kamata in yi na san shi. In karkaɗa fikafikai in juya.

Amma idona ya ga wani abu dabam. Ya ga su biyun a cikin kwale-kwale da kyamara. Ya ga ni a ofis ina amsa wayar Baba. Ya ga watanni.

Na kifa hancin jirgi.

"Merrin!" Narelle ta miƙe tsaye. "Tayoyinta! Merrin, tayoyinta a sauke suke!"

Na ji ta sarai.

Jirgin Geua ya cika min ido. Na danna.

Wani abu ya gifta tsakaninmu.

Fergus ne. Ya jefo jirginsa a gabana, ya buɗe min cikinsa gaba ɗaya. Duk abin da ya rage min na harsashi a jikinsa ya ƙare. Fiffikensa ya ɓalle, wuta ta kama, ya juya sau ɗaya ya faɗa cikin ciyawa a bakin fili.

Geua ta sauka ita kaɗai.

Tun da muke tashi tare, bai taɓa tare min harsashi da jikinsa ba. Ko sau ɗaya.

Ofishin ya yi shirun da har ana jin kitsen sosej na ƙonewa a baranda.

Oga Stavros ya sa tabarau ya dawo da hoton baya. Ya kalla, ya sake kalla. Ya ja dogon numfashi.

"Jirgin da aka harbo, tayoyinsa a ɗage suke. Harbi ya halatta."

Ya cire tabarau.

"Ɗaya ya faɗi, fage ya faɗi. Darwin ta ci."

Ba tafi. Wani ya yi tsaki a baya, ban juya na ga ko waye ba. Narelle ta ɗauki takalminta ta koma can ƙarshen ɗaki.

Na ɗaga kai. Na ci, kuma ban ga wanda zai sa ni sunkuyawa ba.

Oga ya hau kujera ya sauko da farfela, ya kwantar da ita a kan tebur. Ga sunayen shekarun baya a jere da farin fenti. Ya buɗe gwangwani ya miƙo min burushi, bai haɗa ido da ni ba.

Fergus ya cire abin kunnensa ya ajiye a hankali.

"Ita kika nufa."

"Kai na samu."

"Ita kika nufa, Merrin. Kowa ya gani."

"Wa ya ce ka shiga tsakani?"

"Aikina ke nan."

"Aikinka? Yaushe ka taɓa yi min shi?"

"Ke ba ki taɓa buƙata ba."

"Wa ya faɗa maka?"

Muryata ta tsage. Na ji kunya, amma na riga na fara.

"Ka ba ta fedarka. Ka ba ta saƙarmu. Har sunana ka cire ka ba ta, Fergus! Sunana! Ina zaune a nan ina ji!"

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta sauya, ya shafa kai.

"Kai… Merrin. Ban sani ba."

"Duk ofishin nan sun sani sai kai."

"Gaskiya ne," in ji Narelle daga lungu.

"Ke yi mana shiru," in ji Oga.

Na share ido da bayan hannu. "Ba komai. An gama. Za mu tafi Darwin, a hanya ka faɗa min maganar taka."

"Ba zan je Darwin ba."

"Ban gane ba."

"Da hutun Ista na ce miki na tafi kamun kifi."

"Ka ce."

"Moresby na je. Wurin kawunnanta. Sun karɓe ni, an sa rana."

Na dafa tebur.

"Ranar me?"

Ya kalli Geua. Ba sai ya amsa ba.

Geua ta miƙe daga kujera. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta rawa.

"Yaya Merrin, ni na hana shi faɗa miki kafin a tashi."

"Saboda me?"

"Kwantiragina zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, bizata tare da shi. Oga ya ce idan Moresby ta ci zai tsayar da ni aiki na dindindin. Idan ba ta ci ba, ba aikin da zai riƙe ni da shi."

Na kalli Oga. Ya gyaɗa kai yana kallon farfela.

"Ban so ki bar min fage don tausayi ba," ta ce. "Na so in ci da hannuna, ko in faɗi da hannuna."

"Kuma da wannan a kanki kika ƙyale Narelle?"

"Tayoyinta a sauke suke."

Haka kawai ta faɗa, ba gori a ciki. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Fergus ya matso.

"Da Moresby ta ci, da mun je mun yi watanninmu mun dawo. Mu kama gida a nan garin. Teburina na nan kusa da naki, duk Juma'a mu tashi kamar kullum."

"Yanzu fa?"

"Yanzu za ta koma gida. Inda ta tafi nan zan tafi. Na riga na faɗa wa Oga."

"Ka bar aikin?"

"Gaba ɗaya."

Na kalli burushin da ke hannuna. Na harbe shi don kada ya yi min nisa na 'yan watanni, ashe korarsa na yi har abada.

Oga Stavros ya yi gyaran murya.

"Merrin, 'yata. Kin san yadda muke yi. Ba abin da bakina ya faɗa ne fage ba, abin da aka rubuta a farfela ne. Burushi na hannun wanda ya ci. Abin da kika rubuta, shi za mu gina."

Kun ji fa.

In rubuta Darwin, in samu filin kakana, in rasa Fergus.

In rubuta Moresby, ya zauna. Kullum safiya in shigo in tarar da silifas ɗinsa a ƙarƙashin teburinta, da zobe a hannunta, tana ce min Yaya.

Wayata ta fara rawa a aljihu. Ban duba ba, na san Baba ne. Tun asuba yake zaune a baranda da lambobin yabon kakana a ƙirji.

Na tsoma burushi a fenti. Farin fenti ya ɗiga a kan ƙafata.

Wayar ta tsinke, ta sake kamawa.

Geua ta sunkuya ta fara kwance fedar daga ƙarƙashin teburinta.

Fergus ya zo ya tsaya a bayana, ta dama, daidai inda ya saba tsayawa. Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ta Ɗaya," ya ce. "Ina muka nufa?"